Sallar Kan Kujera

Ƙarar da gwiwar ta yi ce ta sa Mas'uda ta saki ludayi cikin tukunya. Ƙas! kamar an karya busasshen kara. Ta fito daga kicin da gudu ta tarar da mijinta, Umar Faruƙ, kife a gefen darduma, goshinsa bai kai ƙasa ba, hannuwansa biyu riƙe da ƙafar hagu, haƙora a datse don kada ihu ya kuɓuce masa. 'Yarsu Saude, wadda ko shekara uku ba ta cika ba, tana tsaye a bayansa da ɗankwalin uwarta a ka, tana jira ya ɗago su ci gaba da salla.

Mas'uda ta buɗe firji ta kwaso ƙanƙara, ta naɗe a tawul ta ɗora masa. Sannan ta janyo jar kujerar robar nan da ke bayan ƙofa, wadda tun farkon bazara a kanta yake salla, ta tallafe shi ya zauna.

"Me ya kai ka, Abban Saude? Ba ga kujerarka ba?"

"Gwadawa nake yi," ya ce, bai dube ta ba. "Gobe Juma'a."

Nan take ta gane wansa Yaya Shitu ya riga ya yi masa magana.

* * *

A unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou, inda 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi ke sayen kaya, ba wanda bai san Faruƙu mai lamba tara ba. Shekara huɗu yana ci wa wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta birnin ƙwallaye, shi ya fito da ita daga ƙasan tebur. In ya shiga kasuwa, Sinawa masu shaguna da ba sa ɗaga wa baƙar fata kai sai in sun ga kuɗi, har tasowa suke yi suna gaishe shi da yarensu, nihau, nihau, a ɗauke su hoto da shi. 'Yan uwanmu kuwa ba a magana. Kowa ɗan unguwarsu ne, kowa shi ya fara ganinsa yana buga ƙwallon tsumma a Ƙofar Na'isa.

Ana cikin haka tsohon mai ƙungiyar ya gaji, ya miƙa wa ɗansa. Yaron a Kanada ya yi karatu, can ya kamu da son wani wasa da ake yi a kan ƙanƙara, 'yan wasa na sulɓi bisa takalma masu bakin wuƙa suna kora ƙwallo da sanduna. Har sandar ya rataye a ofishinsa. Wasan dai bai iya kawo shi garin da zafi ke narka kwalta ba, amma ya kawo dabarar masu shi. Ya tara kowa ya ce daga yau albashin ƙungiya yana da rufi, kuɗin 'yan wasa gaba ɗaya ba zai wuce abin da ya yanka ba ko da sisi. Ya ce a can, in tauraro ɗaya ya cinye rabon mutum uku, ba a jira ya tsufa a hannu, sayar da shi ake yi tun yana da farashi a sayo matasa biyu masu arha. Wai shi wannan ilimi ne. Mu dai a Wudil mun daɗe da sanin haka, sai dai a kan shanu muke yi.

Wanda ya fi kowa albashi kuwa Faruƙu ne. Kuma laoban ƙarami, yadda suke kiran sabon maigidan, ya san abin da 'yan kallo ba su sani ba: gwiwar ta taɓu. Shi ya sa duk ranar wasa wani ma'aikacin ƙungiya ke shigowa da ƙaramar jaka ya yi wa ƙafar allura, zafin ya mutu, Faruƙu ya fita ya yi gudu kamar ba shi ba. In ya dawo gida sai ƙafar ta kumbura suntum, ya kwana yana nishi.

Mas'uda ce ta yi ta naci har suka je wani asibiti a ɓoye. Likitar, wata dattijuwa mai furfura, ta ɗaga hoton gwiwar ta daɗe tana kallo. Sannan ta tsinko zare ɗaya daga bakin mayafin Mas'uda ta riƙe shi tsakanin yatsu, ta ce abin da ya rage na jijiyar ke nan. A yi aiki yanzu, ya huta shekara guda, zai yi tafiya lafiya, wataƙila ma ya koma fili. In kuwa aka ci gaba da allura, ranar da zaren ya tsinke zai tafi da abin da ke kewaye da shi, ƙafar ba za ta sake lanƙwasuwa ba. Tun daga ranar Mas'uda ba ta ƙara cin abinci ta ji ɗanɗanonsa ba. Ko tsani ya taka sai ta riƙe numfashi.

* * *

Da la'asar ɗin ranar Alhamis ɗin nan Yaya Shitu ya zo, yana share gumi da hula. Shi ne wan Faruƙu uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sayar da kekensa ya saya masa takalmin ƙwallo na farko. Yanzu shi ne wakilinsa a wurin ƙungiya, yana kuma da shago a Sanyuanli inda yake buga riguna masu lamba tara da sunan ƙanensa yana aikawa gida dila-dila.

Mas'uda ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, kanta a ƙasa, ta ajiye ruwa da abinci ta koma kicin. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, maganarsu ba ta wuce ina wuni da ya gida. Wan miji ai uba ne. Amma gidajen unguwarsu ta Panyu bangonsu kamar kwali yake, duk abin da aka faɗa a falo yana zuwa kunnen mai wanke-wanke.

Ta ji ya ce masu saye sun iso daga wani birni can arewa, wajen iyakar Rasha. Sun ga hotunan wasanninsa, sun yaba, likitansu zai duba shi ranar Asabar, shi kuma wannan an san yadda za a yi da shi. Matsalar tafintansu ce. Wani Basine ne Musulmi, Malam Ma, ya yi shekara da shekaru yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shi ya gaya wa iyayen gidansa kada su wahalar da kansu, Bahaushe yana iya ɓoye wa likita ciwo, amma ba ya iya ɓoye wa sujada. Gobe zai zo masallaci ya tsaya a sahu ɗaya da Faruƙu.

"Saboda haka ba kujera," in ji Yaya Shitu. "Ba jingina da bango. Ka yi ruku'u, ka yi sujada, ka tanƙwashe ƙafa ka zauna a kanta kamar kowa. Mai allura zai jira mu a mota."

Faruƙu ya yi ƙasa da murya ya ambaci abin da likitar ta faɗa. Da Yaya Shitu ya sake magana muryarsa ba ta faɗa ba ce, ta mai tsoro ce. Ya ce Faruƙu ya duba gari. Saboda wasannin Olamfik ɗin nan da za a yi a ƙasar an tsananta, 'yan sanda na bin shaguna suna tambayar fasfo, wanda ya je sabunta biza sai a ce masa meyo, babu. Shekaranjiya a gabansa aka tafi da mutum uku. Laoban ƙarami ya ce in cinikin ya rushe zai soke kwantiragi, takardar zaman Faruƙu da ta iyalinsa da ta shi Shitu kansa duk a jikin ƙungiyar suke rataye. Ga Hajiya mahaifiyarsu a gida da magungunanta, ga ginin da ba a rufa ba, ga yaran 'yar uwarsu marigayiya Ramatu a makaranta. Ya ce a daure a wuce wannan gaɓar, in ya je can ya buga wasa biyu uku sai ya ce ya ji ciwo, su yi masa aikin da kuɗinsu.

Mas'uda tana tsaye da kwano a hannu, ruwa na zuba a kansa. Sau biyu ta taka zuwa ƙofa. Maganar tana bakinta, a shirye: Yaya, zare ɗaya ya rage. Amma ƙafarta ta ƙi tsallake dokin ƙofar, kunyar da aka raine ta a ciki ta riƙe ta gam. Sai ji ta yi mijinta ya ce, "To, Yaya."

Bayan baƙon ya tafi ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta roƙe shi da girman Allah su tattara su koma Kano, ko garin kwaki ne ta yarda su sha, ita ƙafarsa take so. Ya ce shi ma tsoron yake ji, wallahi ko a mafarki yana jin ƙarar nan. Amma da wane baki zai ce wa Yaya a'a?

* * *

Ranar Juma'a masallacin ya cika ya tumbatsa, Larabawa da Sinawa da 'yan Pakistan da namu. Mas'uda ta samu wuri a ɓangaren mata, kusa da wata taga mai raga da ake hango sahun maza. Ta ga Faruƙu, doguwar farar riga, Yaya Shitu a damansa, wani gajeren Basine mai farar hula a hagunsa.

Allah ya yafe mata, ranar nan ba ta san abin da liman ya karanta ba. Da aka yi kabbarar sujada ta farko ta kai goshinta ƙasa amma kunnenta yana can, tana jiran ƙas. Ba ta ji ba. Aka ɗago, aka koma, aka miƙe. A raka'a ta biyu zufa ta jiƙe mata hijabi sharkaf. Da aka zauna tahiya ta saci kallo, ta hango shi zaune daram a kan ƙafar hagu, nauyinsa duka a kan zaren nan guda. Ta ji kamar a kan ƙirjinta ya zauna.

Aka sallame lafiya. A titin waje, inda masu gasa nama da gurasa ke jeruwa, 'yan kasuwa suka yanyame Faruƙu ana musabaha. Mas'uda ta tsaya gefe riƙe da hannun Saude, ta saya mata gurasa. Sai ga Basinen nan ya nufo su, Yaya Shitu na biye da shi taku ɗaya.

Ya yi sallama, ya gaishe ta da Hausa tsantsa, har da ya zaman baƙunta. Fuskarsa ba ta mugun mutum ba ce. Ya shafa kan Saude ya ce shi ma yana da jika kamarta. Sannan ya dube ta ya rage murya.

"Uwargida, ke kika fi kowa sani. Can inda za shi sanyi ne mai tsanani, filin kamar dutse yake. In akwai wani abu, gara a faɗa yanzu, don shi. A gida ma haka yake salla?"

Duniya ta tsaya mata cak. Kalma ɗaya kawai, a'a, cinikin ya rushe, ƙafar ta tsira. Ta buɗe baki. Sai ta ga takalman Yaya Shitu a gabanta, don ba ta iya kallon abin da ya wuce takalman. Bai yi gyaran murya ba, bai ce komai ba, tsayawa kawai ya yi. Ta yaya za ta ƙaryata wan mijinta a bainar jama'a, gaban baƙo, a ƙofar masallaci? Can tsallaken titi kuma ga 'yan sanda biyu sun tsare wani ɗan Nijar suna jujjuya fasfonsa.

Saude ta ɗaga kai ta ce, "Abba yana da kuje..."

Mas'uda ta gutsuro gurasa ta tura mata a baki.

"Haka yake yi," ta ce. "Lafiyarsa ƙalau, alhamdulillahi."

Malam Ma ya ɗan jima yana kallonta. Ya ce to madalla, Allah ya sa alheri, ya juya ya tafi.

* * *

Aka yi ciniki. Laoban ƙarami ya sayo matasa biyu, ɗaya daga Kamaru ɗaya daga Brazil, jaridar birnin ta buga hotonsa yana murmushi gaban sandarsa ta ƙanƙara, ana yaba masa iya lissafi. Faruƙu ya yi gaba, a kan in ya sami gida iyali su biyo shi. Kullum in sun yi waya sai ta tambaye shi ya ƙafa, ya ce da sauƙi. Ta san ya tafi da kwalaben allurar a cikin safa, don ita ta haɗa masa jakar.

Duk tsawon Olamfik gari na ta biki, ita ko talabijin ba ta kunnawa. In waya ta yi ƙara sai gabanta ya yanke ya faɗi. Ta rame har maƙwabciyarta Fasuma, 'yar Maraɗi, ta fara zolayarta wai ko Saude za a yi wa ƙani.

Da aka koma gasa, Yaya Shitu ya aiko a zo shago a kalli wasan farko tare. Aka cika shagon maƙil, maza a gaba, ita da Fasuma a lungu bayan dilolin riguna. Ta hango Faruƙu a cikin akwatin talabijin, cikin riga mai launin da ba ta saba gani a jikinsa ba. Duk lokacin da ƙwallo ta nufe shi sai ta rufe ido. Ana gab da tafiya hutun rabin lokaci aka jefo masa wata doguwa, ya tare da ƙirji, ya dasa ƙafar hagu zai juya. Ba wanda ya taɓa shi. Ba kowa ma kusa da shi. Ƙafar ce kawai ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa, ya zube.

Talabijin ba ta kawo ƙarar ba, amma Mas'uda ta ji ta.

Shagon ya ɗauki salati. Yaya Shitu ya dafe kai da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa, yana innalillahi, ƙanena, ƙanena. Kukan gaskiya yake yi, ba wanda zai ce ba haka ba. Can wani dillali mai suna Tankari ya matso ya tambaye shi a hankali ko dai an riga an gama sa hannu a takardun cinikin. Yaya Shitu ya share fuska da hula.

"An gama," ya ce. "Tun wancan watan."

Daga bayan dilolin Mas'uda ta ɗaga kai ta kalle shi, tsakar ido, karo na farko tun aurenta. Shi ne ya sunkuyar da kai.

* * *

Malam Ma ne ya rako Faruƙu a jirgi bayan an sallame shi daga asibiti. Ya turo shi a keken marasa lafiya har ƙofar gida, ƙafar a miƙe samɓal cikin ƙarafa. An yi aiki har sau biyu, likitocin can sun ce zai taka da sanda, amma gwiwar ta daina aiki. Ƙungiyar arewa ta ce an sayar mata da kaya mai aibi, ta soke kwantiragi. Ta nan kuma ta ce ita ba ta san zancen ba, lafiya lau ta miƙa shi. Malam Ma bai yi wa Mas'uda gori ba. Sannu kawai ya ce, ya mai jiki. Ta ce da sauƙi.

Aka ba su 'yan kwanaki su bar ƙasar. Ta je Sanyuanli karɓo kwalayen da za ta zuba kaya, ta tarar da ma'aikatan shagon Yaya Shitu sun baje rigunan a kan tebur. Suna ɗora dutsen guga a kan sunan, in ya yi zafi su ɓare haruffan ɗaya bayan ɗaya su yar a kwando. Lambar taran ba su taɓa ta ba, tunda yaron Kamaru ita aka ba shi. Ta ɗauki kwalayenta ta fita, ba ta gaishe da kowa ba.

Ranar da motar kaya ta zo ta kwashe komai zuwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu, gidan ya koma fayau, ko labule babu. Abin da ya rage darduma ce, da jar kujerar roba, da 'yar ƙaramar kujerar tsuguno da Saude ke zama ta ci abinci. Azahar ta yi. Mas'uda ta kawo masa ruwa a roba ya yi alwala, ta taimaka masa ya koma kan kujerar, ta gyara masa ƙafar ta miƙe a gabansa. Ya ɗaga hannu ya yi kabbara.

Sai ta ji ƙarar jan abu a kan tayil. Saude ce, ɗankwali a ka yana ja mata a ƙasa, tana turo 'yar kujerarta da ƙyar. Ta wuce dardumar ko kallonta ba ta yi ba, ta ajiye kujerar daidai gefen ubanta, ta hau ta zauna. Ta leƙa ƙafarsa, ta gyara zama, ta miƙe tata ƙafar hagun samɓal. Sannan ta ɗaga 'yan hannuwanta zuwa kunne.

Mas'uda ta buɗe baki za ta ce mata ba haka ake yi ba. Faruƙu ya sunkuya ruku'u daga zaune, yarinyar ta bi shi, kafaɗunsa suna rawa.